Ranar da Teku Ta Zo Cin Tuwona

Ba zan taɓa mantawa da zamanmu na hema, wato tanti, a kudancin Jidda ba, tun unguwar Mahjar ba ta cika da gine-gine ba. Ni ban yi karatu ba, faɗa nake ana rubutawa, kuma hawaye na zubo mini, don wanda muka yi zaman tare ya riga ni tafiya. Allah ya ji ƙan maigidana Malam.

Bayan mun sauke farali, Malam ya sami aikin dako a tashar jiragen ruwa. Aka ce mu kafa hema a sansanin 'yan'uwanmu Hausawa har Allah ya hore ɗaki. Sansanin kan tudu yake, ga duwatsu, ga awaki, igiyar wannan hema ta hau ta waccan. Sai na hango wani fili can ƙasa ta wajen teku, fari fat, sumul kamar daɓe, babu kowa.

Malam ya ce, "Hajiya, duk jama'ar nan ba wanda ya ga filin sai ke?"

Na ce, "Sun gani, tsabta ce ba ta dame su ba." (Da bakina na faɗa, kada a goge.)

Hajja Zainaba, wata Bahaushiyar Sudan da ta daɗe a sansanin, ta biyo ni har can. Ta ce, "Ya ukhti, 'yar'uwata, wurin nan na teku ne. In iska ta juyo za ta zo abinta." Ni kuwa 'yar Katsina, ruwan da na sani na rijiya ne da na tafki, inda ka bar shi nan za ka same shi. Teku tana can nesa, sama ba ko gajimare. A raina na ce baƙin ciki take yi.

Muka kafa hema. Na share, na gina murhu, na yi makonni ina hura hanci. Don in rufe bakin kowa, na gayyaci matan sansanin cin tuwo ranar wata Juma'a, na fito da kukar da na taho da ita daga gida, wadda ko Malam nake hana wa.

Maza suna masallaci, mata sun cika tabarmi, iska na kaɗawa, ni kuma ina tsaye ina cewa, "Ku duba, ko tsakuwa ɗaya babu." Sai wata tsohuwa ta ɗaga zaninta ta ce, "'Yar nan, tabarmar taki a jiƙe take."

Na waiga. Ba igiyar ruwa, ba ƙara, ruwa ne kawai yake rarrafowa kamar baƙo mai jin kunya. Murhu ya ce cuu. Takalman baƙina suka kama hanya a jere.

Hajja Zainaba ta sure tukunya ta ɗora a ka. "Yalla, ku tashi, mai wuri ta dawo!"

Ni fa? Tsintsiya na ɗauka. Wallahi tsintsiya. Na duƙa ina share teku ina cewa, "Ku zauna, yanzu zai wuce." Mata suna gudu suna dariya, wata har da faɗuwa.

A haka Malam ya iske ni. Ya naɗe wandonsa, ya karɓi tsintsiyar a hankali, ya ce, "Halas, shi ke nan, Hajiya. Kin gyara mata wuri haka, ai dole ta zo."

A hemar Hajja Zainaba aka ci tuwona, ina ƙuryar hemar na rufe fuska. Ita ce kuma ta matsar da awakinta ta ba mu gefe, muka shekara a kan duwatsun da na rena. Har Malam ya koma ga Allah bai taɓa yi mini gori ba, sai dai in ya ga na ɗauki tsintsiya ya kawar da kai, kafaɗunsa na rawa. Dariyar nan tasa nake kewa.

Yau ko a gidan biki ne, in na ga wuri mai kyau ba kowa a kai, ba na zama sai na tambayi abin da ya kori mutane.