Singiletina a Hawan Kibo

Ko na manta komai na shekarun da na yi a tuƙi, ba zan taɓa mantawa da ranar da muka ɗauko gawar Malam Bitrus ba. Lokacin soja na shirin miƙa mulki ga farar hula, ni kuwa ina da wata tsohuwar bas da ta girme ni a hanya, ni ne direbanta, ni ne bakanikenta (a ganina duk Jos babu na biyuna).

Malam Bitrus kafinta ne a Anguwan Rukuba, shi ya yi mini kujerun motar. Ya je aiki Akwanga, ajali ya same shi a can. Da danginsa suka zo neman mota na ce ba sai an nemi kowa ba. Ranar jajibirin tafiyar na wuni ina yi wa injin sabis.

Tafiya lafiya lau, tunda gangara ce. A dawowa, ga akwatin gawa a tsakiya, mata suna rera waƙar coci a hankali, muka fara Hawan Kibo. Sai mota ta soma nishi. Na dawo giya biyu, na dawo ɗaya, na take totur har ƙasa, tana ta aman baƙin hayaƙi, ta tsaya cik.

Muka sa mata waigi a bayan taya don kada ta gangara. Na kwance fulogi na goge, na busa tiyon mai, na zagi masu gidan mai (bayin Allah, ba su ji ba ba su gani ba). Muka sake gwadawa, ba ta yi taku ashirin ba ta sake tsayawa. Rana tana yi, ga kabari an haƙa ana jiranmu. Nan fa na buɗe baki na faɗi maganar da har yau nake jin nauyinta:

"Kaya ne suka yi mata yawa. Sai an sauke akwatin."

Babu wanda ya yi mini musu. Maza shida suka saɓa shi a kafaɗa suka kama hawa da ƙafa, matar marigayin tana biye da takalmanta a hannu.

Mutum ɗaya ne bai tafi ba, Baba Pam, yayan marigayin, wanda ya tsufa yana jan babbar mota a kamfanin kuza. Ya matso kusa da injin.

"Ɗana," in ji shi, "hayaƙin nan baƙi ne. Ba mai take nema ba, iska take nema. Buɗe tukunyar iskar mu gani."

"Baba, jiya-jiya na wanke ta da hannuna."

"To, buɗe dai."

Na buɗe. Tsohuwar singiletina ce a ciki, wadda na goge tukunyar da ita jiya, ta toshe rabin maƙogwaron, ta yi baƙi ƙirin. Na zaro ta kamar mai zaro hanjinsa. Baba Pam ya dube ta, ya dube ni, ya ce, "Tayar mu je, ƙanena yana rana."

Murɗa ɗaya ta tashi, ta haye kamar ba ita ba. Muka cim musu sun kusa lanƙwasar hanya ta biyu, gumi ya jiƙe su sharkaf. Matar marigayin ta leƙo ta taga ta ce, "Sannu da ƙoƙari, direba, Allah ya yi maka albarka." Da ta mare ni da ya fi mini sauƙi.

An binne shi kafin faɗuwar rana. Baba Pam bai taɓa gaya wa kowa ba har ya bar duniya. Ni ne yau na tona kaina. Tun daga ranar, in mota ta ƙi hawa, kafin in zargi mai, ko kaya, ko mamaci, sai na fara ƙirga tsummokarana.