Ranar Da Na Kai Faifan Rukayya Kebbe

Ba zan taɓa mantawa ba da ranar da na ɗauki muryar mahaifinmu na ɗaure a bayan babur, duk don a ce ni ma na iya kwamfuta.

Gaskiya ƙanwata Rukayya ce ta iya. Ni aikina a sakatariyar Tambuwal buga takardu ne, amma tunda dangi suka fara ce mini Injiniya ban taɓa gyara musu ba. Ita ce ta haɗa mana ma'ajiya a gidana: wata 'yar kwamfuta da ba ta wuce sabulun wanka ba, da faifan ajiya guda biyu masu nauyi a hannu. Kowane faifai ta ba shi wutarsa daban, domin ƙaramar kwamfutar ba ta da ƙarfin juya su, sannan ta jona komai da batirin sola don kada ɗaukewar wuta ta katse aiki. Duk wanda ke cikin gidan sai ya tura hotunansa daga waya ta wayfai, su sauka a faifai na farko, na biyun ya kwafa. Dokarta biyu ce: kada a zare faifai yana aiki, kada kuma a jijjiga shi, don akwai abin da ke juyawa a ciki.

Na ce mata faifai biyu almubazzaranci ne. (Na faɗa da babbar murya, a gaban matata.)

A cikin ma'ajiyar akwai bidiyon da Rukayya ta ɗauki Baba a daminarsa ta ƙarshe, yana zagaya fadamarmu ta Kebbe yana nuna iyaka. Bayan rasuwarsa ambaliya ta share layin gambar da ya raba mu da maƙwabcinmu Malam Garba, kowa ya rasa inda nasa ya tsaya. Wannan fadamar ce ke ciyar da Inna. Sai Baffa, ƙanen Baba, ya sa ranar da dattawa za su zauna, ya ce a zo da bidiyon.

Rukayya ta riga ni tafiya da kwana ɗaya, ta ce kada in zo da komai. Ni kuwa na riga na hango kaina a tsakiyar tabarma, laftof ɗin ofis a cinya, dattawa suna sa mini albarka. Da safe na zare faifai ɗaya fitilarsa tana ƙyaftawa, na naɗe shi a ɗankwalin matata, na ɗaure a kariyar babur da roba. Wanda ya san hanyar Kebbe ya san abin da faifan nan ya sha. Sau ɗaya ma ya faɗo, na kakkaɓe shi kamar goro na mayar.

Muka zauna a zauren Baffa. Na yi gyaran murya, har da ɗan jawabi kan ci gaban zamani, na jona. Sai faifan ya fara ƙas, ƙas, ƙas. Na zare na hura masa iska, na sake jonawa. Ƙas, ƙas. Gumi ya jiƙa mini hula.

Baffa ya leƙo ya ce, "Injiniya, wanga abin naka magana yaka yi ko kuka?"

Ba dariyarsu ce ta kashe mini jiki ba. Inna na hango a bakin ƙofar cikin gida tana jira ta ji muryar mijinta, ni kuma na manta da faifai na biyu, a zatona na kashe muryar har abada.

Rukayya ta matso ta kara kunne a jikin faifan, ta ce mini a hankali wannan kam ya mutu, amma ɗan'uwansa na nan lafiya a Tambuwal, kuma tun shekaranjiya ta kwafo bidiyon a wayarta. Ko kallon "na faɗa maka" ba ta yi mini ba. Har yau idan na tuna sai in ji ta ƙara girma a idona.

Waya ta zaga hannu zuwa hannu. Ga Baba da sandarsa, yana cewa daga aduwa zuwa shurin gara. Malam Garba ya kalla sau biyu, ya ce haka ne, Allah ya jiƙan marigayi. Inna tana share hawaye. Magana ta ƙare, amma bidiyon bai ƙare ba. Sai ga muryata tana cewa a ba ni wayar in ɗauka, na fi iyawa. Baba ya juyo ya ce:

"Rukayya, riƙe abinki, kada ki ba shi. Hannun wanga ba ya barin abu da rai."

Zauren ya ɗauka da dariya gaba ɗaya. Har Inna, da hawayen da komai.

Na sayo sabon faifai, Rukayya ta jona, ya kwafe komai daga ɗan'uwansa cikin yini guda. Yanzu ma'ajiyar na cikin akwati da kwaɗo, makullin yana hannun matata. Ban yi gardama ba. Mutumin da mahaifinsa ya ba da shaida a kansa daga kabari, a gaban dattawan Kebbe, wa zai kai wa ƙara?