Irin Geron Baba

Shekarar da Baba ya rasu na dawo Rawayau daga ofishin gona na Dutsin-Ma, ina taƙama da takardar da ke nuna ruwan kowane wata. Da aka yi ruwan farko, Kawu Sale ya tona ƙasa da yatsa ya ce, "Bai kai shuka ba, dakata."

Na ce, "Kawu, takarda ta ce damina ta sauka."

Na shuke irin geron da Baba ya bari kaf. Ruwa ya ɗauke sati uku, tsiron ya ƙone. Inna ta kife ƙwaryar irin.

Har bayan rasuwar Inna, ranar zaman makokinta, da hadari ya haɗo, sai da wani dattijo ya juyo ya ce, "Malam, me takarda ta ce?"