Nomau da Injin Ƙyanƙyasar Ƙwan Zabi

A garinmu Tudun Gawo akwai wani bawan Allah ana ce masa Nomau. Gemunsa har ya fara furfura, amma duk abin da ka gaya masa haka zai ɗauke shi ɗungurungum, ba ragi ba ƙari. Yana zaune gidan yayarsa Tabawa, wadda mijinta ya rasu. Ita ke ci da shi, ita ke yi masa faɗa, amma kada ka kuskura ka zage shi a gabanta. Tabawa ce shugabar ƙungiyar matan garin. Wata damina wata hukuma ta ba matan aron injin ƙyanƙyasa mai aiki da sola, bisa sharaɗi guda: in ƙyanƙyasar farko ta lalace, za a ɗauke injin a kai wani gari. Mata suka tattaro ƙwan zabinsu kaf suka zuba a ciki. Tabawa ta sa baki aka ba Nomau gadin ɗakin injin, ta ce in an samu matsala ita za a kama. Ni dai tun ranar na ce Allah ya kyauta.

Wata rana Malam Hashimu, mai gyaran sola da ke zuwa daga cikin gari, ya ba Nomau lambarsa, ya ce duk canjin da ya gani a ɗakin, komai ƙanƙantarsa, ya kira shi nan take. Ai kuwa Hashimu bai kai bakin titi ba waya ta yi ƙara. Nomau ne, wai ƙadangaren da ke bangon gabas ya koma na yamma. Can kuma wai inuwar taga ta matsa. Da azahar ya kira ya ce Tabawa ta shigo da wani ɗankwali, ba na safe ba. Bawan Allah yana kan babur yana tsayawa yana ɗauka, har ya kusa faɗawa kwata. Daga ƙarshe ya roƙi Nomau don girman Allah ya bar ƙadangaru su yi harkarsu.

Wata rana kuma Hashimu ya tarar da kashin tsuntsaye a kan farantan sola, ya ce kada ya sake ganin datti ko ɗigo a kansu. Nomau ya wanke su fes, ya tsaya yana tunanin yadda zai hana tsuntsu kashi. Sai ya kwaso tabarmin gidan duka, har da wadda Tabawa ke salla a kai, ya lulluɓe farantan ruf, ya danne da duwatsu. Kafin la'asar inji ya fara kuka, batir ya kusa ƙarewa. Tabawa ta hau tsani da kanta tana yaye tabarmi tana sababi, shi kuwa yana ƙasa yana nuna mata cewa ko ɗigon datti babu. Kuma gaskiyarsa, babu ɗin.

Wata rana, da mata suka dami ɗakin da leƙe-leƙe, Tabawa ta ce kada ya bar kowa ya shiga. Washegari Hashimu ya sha tafiya cikin taɓo ya iso da kayan aikinsa, Nomau ya tare ƙofa da sanda. Hashimu ya yi lallashi, ya yi rantsuwa, ina! Sai da aka je gona aka kirawo Tabawa, ita ma da ƙyar ya bari ta wuce.

Wata rana, ƙyanƙyasa ta gabato, Hashimu ya zaunar da shi ya nuna masa batura biyu. Ya ce, "Duk abin da aiki ya dogara da shi, sai an yi masa na biyu. Kuma ba ajiye na biyun ake yi ba. Ana sa shi aiki tun na farko yana da lafiya." Nomau ya duba, batir yana da na biyu, amma shi injin kansa ba shi da kowa. Abin ya tsaya masa a rai. Ya samo ƙwarya ya shimfiɗa ƙaiƙayi, ya kwashi rabin ƙwan, ya bi gida gida yana sallama yana tambayar kaza mai kwanci, yana cusa mata ƙwai a ƙarƙashi. Tabawa ta dawo kasuwa ta ga inji rabi wayam. Ba ta zage shi ba, hannu kawai ta miƙa ta ce ya ba ta mabuɗin. Wallahi ranar ya ba ni tausayi.

Ba a jima ba aka yi wani hadari mai iska, ta ɗaga farantan sola ta yi jifa da su bayan gari. Rafi ya cika, Hashimu ya kasa ƙetarowa. Batura suka yi iya ƙoƙarinsu suka mutu, ƙwan da ke cikin inji suka yi sanyi. Tabawa ta shige ɗaki, ko tuwo ta kasa ci, tana jiran ranar da za a zo a ɗauke injin.

Sai ga maƙwabciyarta Lanti da hantsi, tana cewa kazarta ta fito da 'yan zabi. Kafin ta rufe baki wata ta shigo da irin labarin, wata ma haka. Da jami'ar hukumar ta zo, gida gida aka zaga da ita tana kallon 'yan zabi suna bin kaji. Ta ce garin da inji zai mutu aiki bai mutu ba, ba ta ga dalilin raba shi da inji ba.

Da yamma Tabawa ta kira Nomau ta danƙa masa mabuɗin. Ya karɓa yana jujjuya shi, fuskarsa ba walwala. Ta tambaye shi me kuma ya faru.

Ya ce, "Yaya, na zaga garin nan kaf. Ke ce kaɗai ban samo wa ta biyu ba."