Ranar da Na Kira Ɗan Farina da Sunansa

Ba zan taɓa mantawa da wata Talata ba, ranar da na zubar da kunyar shekara ashirin da biyar a gaban matan garinmu Kore Mairuwa. Kuma ruwan bisab, wato zoborodo, shi ne ya jawo mini.

Ɗan farina sunan mahaifin maigidana ya ci. Kun ga kunya biyu ke nan ta haɗu, ta ɗan fari da ta suruki. Tun ranar suna bakina bai taɓa faɗin sunan nan ba. Iya, uwar maigidana, ita ta ɗauke shi bayan yaye. In zan kira shi sai in ce “kai”, in ana zancensa in ce “na Iya”. Shi ma Yaya yake ce mini, yadda ya ji ƙannena suna faɗi. (Ko a ajin karatun manya, ranar da malama ta ce kowa ta rubuta sunayen ɗiyanta a allo, daga na biyu na fara. Ta ce ina na farko, na ce allina ya ƙare.)

To, ƙungiyarmu ta mata ta samu injin niƙa daga wani furoje, irin shirin nan na tallafa wa mata, ni ce sakatariya tunda na iya rubutu. Wata rana bel ɗin injin ya fizge mayafin wata. Allah ya kiyaye, mayafin kaɗai ya tafi. Sai Madam ɗin furoje ta zo daga Dogon Dutsi da fim na koyar da kiyaye haɗari: wasu mutane da hulunan roba cikin wata masana'anta, ana ta Faransanci a hankali. Rabin mata suka yi barci, saura suka fita ba su dawo ba.

Ni da ba na yawan magana, ban san abin da ya kai ni ba na ce, “Akwai wani yaro mai walda a Dogon Dutsi, suna haɗa fim a waya shi da abokansa. Ko a sa shi ya yi mana da Hausa?”

Biba, ƙanwar maigidana, wadda ba ta da aiki sai tsokanata, ta ce, “Wane yaro? Ba a yanka mishi rago ba?”

Na ce, “Na Iya.”

Madam ta yarda. Da na kira shi a waya, ya ce, “Yaya, namu fa na dariya ne. Irin wanda aka nuna muku muke kwaikwayo, kuma akwai jini.” Na ce Allah ya ba da sa'a, na kashe. Ba na doguwar magana da shi. Ana gobe za a nuna ya iso, ya miƙo mini wayar ya ce in fara gani. Na ce ina tankaɗe. Yo ni da ɗan farina mu haɗa kai a kan waya ɗaya, wani ya shigo ya gan mu?

Da hantsi muka taru a ajin karatunmu. Aka toshe tagogi da zannuwa, aka aro talabijin. Iya na gaba a kan tabarma, Madam na kan kujera da littafinta. Shi yana can baya jikin bango, ya harɗe hannuwa. Na gan shi da idona. Ku riƙe wannan.

Fim ya fara da wata murya mai ladabi, irin ta mai karanta labarai: “Darasi na ɗaya. Ma'aikaci nagari ba ya zuwa wurin inji da zumbuleliyar riga.” Sai ga abokinsa da babbar riga yana taƙama. Bel ya ja shi, ya yi ta juyawa kamar zare a mazari, aka tofo hularsa ta inda garin niƙa ke fitowa. Mata suka kwashe da dariya. Darasi na biyu, wani ya sa yatsa yana tura gero, yatsan ya bi geron. Matar da ta kawo niƙan ta buɗe kwanonta ta ce ita fa ba ta kawo jar dawa ba. Muryar ta ce, “Ma'aikaci nagari ba ya barin yatsansa a garin mutane. Ya ɗauki abinsa ya tafi da shi gida.” Har Madam sai da ta rufe fuska da littafi. Ni ma na yi dariya a cikin mayafi, zuciyata fal, ina cewa ashe haka yaron nan yake da kai.

Sai darasi na uku. Shi ne da kansa, da shuɗiyar rigar da na ɗinka masa da salla na ce wa Iya ta ce ita ta saya. Yana waya da budurwa, yana murmushi, ɗaya hannun yana laluben bakin inji. Injin ya kama hannun har gwiwa. Ja ya fantsama a bango, ya wanke rigar. Sannan ya yi wata ƙara.

Na san ƙarar nan. Ita ya yi yana shekara shida, ranar da ya faɗo daga amalanken jaki ya karya hannu. Ran nan Iya ce ta rungume shi, ni na tsaya bayan ƙyaure ina cizon bakin zane, don tsakar gida cike take da dangin miji.

Ban san na tashi ba. Na tsallake mata uku, na taka butar Iya, na dafe talabijin da hannu biyu ina cewa, “Haruna! A kashe injin, Haruna na ne!”

Duk ajin suka zuba mini ido. A cikin talabijin kuwa, ƙarƙashin tafin hannuna, ga shi ya ɗauki guntun hannunsa yana gaishe da mai gidan inji da shi, muryar nan tana cewa, “Ma'aikaci nagari ba ya tashi aiki bai yi sallama ba.”

Na waiga a hankali. Yana nan jikin bango da hannuwansa biyu cif, ya saki baki yana kallona.

Biba ce ta fara. “Ashe dai an yanka ragon.”

Dariyar da aka yi, har mai tallan ƙosai ta leƙo ta taga. Na nemi ƙasa ta tsage ban samu ba. Na durƙusa gaban Iya, don sunan mijinta marigayi na kwarara a gaban jama'a, na ce ta yi mini ahuwa. Ta ɗauki butarta tana duba inda na lotsa, ta ce, “Tashi, ɗiyata. Ni da na ɗauka ba ki san sunan ba. Shi ma mai sunan, da shina nan, dariya za shi yi.”

Da yamma zai koma Dogon Dutsi, ya same ni a madafa. Ya ce jinin nan bisab ne da garin rogo, hannun kuma safar walda ce aka cusa wa hanjin akuya. Ya ce rigar ta wanku, ya san ba Iya ta saya ba. Sai ya tsaya yana wasa da makullin babur.

“Yaya, mi kika ce ɗazu? Ban ji da kyau ba, ana dariya.”

Na ce, “Kai, tafi, rana na faɗuwa.”

Ya fita yana murmushi. Sai da ƙarar babur ta yi nisa na sake faɗin sunan, a hankali, ni da tukunya.

Tun ran nan ba macen da ke zuwa inji ba ta ɗaure mayafinta a ƙugu ba, Madam ma ta tafi da fim ɗin wasu garuruwa. Ni kuwa na koyi darasi na huɗu, wanda ba ya cikin fim: in ɗan farinki ya ce ki fara gani, ajiye rariya ki gani a ɗaki. Ki yi ihunki ke kaɗai, inda Biba ba ta ji.