Mangwaro Mai Ƙarnin Kifi

Kowa a gidanmu cewa yake ban iya gashi ba, alhali ba nan matsalar take ba. Fai na gasa a tukunyar yashi, irin na nama amma da mangwaro a ciki, saboda surukan Yaya da za su zo. Inna ta ce in ƙulle fai ɗin a leda kafin in sa su a firiza. Na ce, "Haba Inna, ni za a koya wa firiza?" Na jera su tsirara kan ɗanyen kifin da Kawu ya aiko daga Katagum.

Allah ya rufa asiri, Yaya ya ɗanɗana kafin baƙin su iso. Ya tofar, ya ce, "Wannan mangwaron a kogi ya nuna?"

Zoɓo muka ba su. Har yau Sarkin Ruwa ake kirana. Bana zan sake gasawa, kuma Yaya ko ƙamshi ba zai ji ba.