Kaka Tanko da Rawar Puli

"Lafiya lau na kwana, in ban da sauro da kuma ke."

"Ai gara sauron, ko ba komai yana samun ɗan jini a jikinka. Ni me nake samu?"

Zuwera ce tsaye a bakin ƙofar ɗakin kakanta, Malam Tanko, sanye da shuɗin kayan garaji, gwiwoyin duk baƙin mai. Tsohon ya ƙare ƙuruciyarsa yana jan kamiyo, babbar motar kaya, daga Kwatano zuwa Yamai, ta kan gadar kogin garinsu, Gaya. Da yanar ido ta rufe masa gani, ya kuma binne matarsa a daminar bara, sai ya daina fita. Ko masallacin ƙofar gida sai an yi da gaske yake zuwa. Duk gidan lallaɓa shi ake yi, in ban da jikar tasa.

"Tashi, ango," ta ce. "Ɗaukar ka na zo yi."

"Wace irin amarya ce ke zuwa wa miji da warin man gazuwal? Tun kina zaure hancina ya sanar da ni."

"Turarena ke nan. Wanda ka saya mini ya ƙare tun ban ga kwalbarsa ba."

Ta shigo ta zauna a gefen tabarmarsa, ta gaya masa abin da ya kawo ta. Alhaji Abdulhakim, mai fataucin albasa, ya kawo musu jar motarsa ƙirar Jamus, irin masu gudun nan da ake shigowa da su daga Kwatano. In an tashe ta sai injin ya kama kakkarwa yana wani ƙwas-ƙwas. Ubangidanta ya tafi Dosso, ya ce mata ta waya ciwon a ciki yake, ta fara kwance injin kafin ya dawo. Alhaji kuwa jibi yake son kai iyalinsa Yamai.

"In na kwance injin mutane a banza, ni za a zaga. In na bar shi ya lalace a hanya, ni ce dai. Kunnenka nake so."

"Makaho ne zai duba mota?"

"Wa ya ce ka duba? Dama can da idon me ka gani? Na girma a gabanka da kyau irin wannan, ba ka taɓa lura ba."

"Na lura. Shi ya sa idon ya gudu."

Ya murza carbinsa. Ta miƙa masa hularsa da sanda. Can ya nisa.

"Zan je don motar, ba don ke ba."

Ta ɗora shi a bayan babur ɗinta. Duk hanya yana faɗin ta faɗa rami, ta kauce wa inda babu komai, ko jaki ya fi ta sanin titi. Hannunsa kuwa na riƙe da kafaɗarta gam.

A garajin, motar na ƙarƙashin bishiyar bedi, kapo, murfin injin, a buɗe. Tanko ya shafa rufinta da tafin hannu, ya bi ta har gaba.

"Wannan mota ce ko tabarma? Ai kaza ba za ta iya shiga ƙarƙashinta ba."

"Kishi kake don ta fi akwalar kamiyonka gudu."

"Kamiyona ya taɓa wuce jirgin sama a hawan Malanbil. Matuƙin sai da ya leƙo ya gaishe ni da fofo."

"Da rediyo kake, da tuni an rufe ka. Matsa baya in tashe ta."

Injin ya kama da gurnani, ƙarar na biye da shi. Tsohon ya tsaya cik. Ya sa ta ɗora bakin sandarsa a saman injin, nesa da abin da ke juyawa, ya kafa kunne a ɗaya bakin.

"Taka mata kaɗan."

Ta taka. Ƙarar ta ɓace cikin gurnanin.

"Saki."

Ta saki, ƙwas-ƙwas ɗin ya dawo.

"Kuma." Suka sake. Ya ɗago kai, fuskarsa ta canza, kamar wanda ya ji muryar wani tsohon aboki a kasuwa. "Ubangidanki da ƙafa yake sauraro? Injin da ke ciwon ciki, in ka taka shi kuka yake ƙarawa. Wannan cikinta garau yake. Daga gaba abin yake, can ƙasa. Ke mai ido, me kika gani a wurin?"

Zuwera ta leƙa. A can ƙasa akwai puli, wani faifan ƙarfe mai nauyi da ke ɗaure a bakin sandar injin, shi ke jan igiyar roba, shi ke kuma shanye girgizar injin.

"Puli na rawa," ta ce. "Kamar kanka in kana gyangyaɗi bayan azahar."

"Ni ba na gyangyaɗi, zikiri nake. Igiyar fa?"

"Tana karkarwa, gefenta ya fara cinyewa."

"Kashe ta, ki ba ni makullin in sa a aljihu. Ban yarda da ke ba, kar ki tashe ta hannuna na ciki ki ci gadona."

"Gadon me? Buta da tabarma?"

Ta kama hannunsa ta kai shi wurin. Ya riƙe pulin ya jijjiga, ya ji yana motsi. Ya lalubi babban bulon, ƙusar da ke tsakiya, ya bi zoben robar da ke haɗe cikin faifan da bayansa.

"Bulon ya saki, robar ma ta tsattsage. Wannan da gudun da take yi, kafin su kai Dosso zai fice ya fasa duk abin da ya tarar." Muryarsa ta sauka. "Da yara za shi, kika ce?"

"Da yara."

"To Allah ya tsare. Samo alli, ki ja layi daga tsakiya zuwa baki. In an tashe ta layin ya rabu biyu, robar ta mutu ke nan, ɗaure bulon kawai ba zai..."

Bai ƙarasa ba. Ya murza yatsunsa, ya kai hanci, ya sake mayar da hannun a hankali. Akwai gari-gari a jikin ƙarfen, rabi a tsakiya, rabin kuma ya zame gefe.

"Zuwera. Wa ya shafa alli a nan?"

Ta sunkuyar da kai tana goge hannu da tsumma.

"Jiya na ja shi."

"Wato kin sani, kika ɗauko ni kamar buhun albasa kika ratsa gari da ni."

"Alli ya gaya mini puli ne. Bai gaya mini cikin injin lafiya ba, wannan kai ka faɗa. Yanzu ina da bakin ce wa ubangidana ba zan kwance ba." Ta ɗan dakata. "Kuma na gaji da leƙa ɗakin nan in tarar da kai kana fuskantar bango, Kaka."

Tun safe sai yanzu ta kira shi da wannan sunan. Tsohon ya juya fuskarsa wajen da iskar kogi ke busowa. Ya share gefen idonsa da hannun riga.

"Hayaƙin garajinku ba kyau."

"Motar a kashe take."

Dariya ta ƙwace masa, irin wadda ba a ji ba a gidan tun bara, har sai da ya dafa motar.

"Kin ci ni, 'yar nema. Kira mini ubangidan naki in wanke masa kunne, ya zo da sabon puli daga Dosso." Ya laluba aljihu ya ciro makullin tare da goro fari guda, ya ɓara shi, ya auna ɓangarorin da yatsa, ya miƙa mata babban. "Ungo. Kada ki saba."

Ta karɓa ta ciza. Shi kuwa ya riga ya karkata kai wajen bayan garajin, inda wani ke fama da wata tsohuwar mota.

"Waccan mai tarin fa, ta wa ce? Jawo mini benci kusa da ita."